Yadda Na Je Ikko Auno Rumfa

Abokan zamana na gindin ɗorawa sun hana ni sakat. Duk ranar da hira ta mutu sai wani ya ce, "Malam Sale, ba mu labarin Ikko." Wasu don su ji yadda garin yake a zamanin Turawa suke tambaya. Wasu kuwa na san su sarai, jira suke in iso wurin rumfa su yi dariya. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura kowa ya fara ƙara nasa gishirin. Don haka na rubuta yadda aka yi da ɗan karatun da na samu a elementare, wanda yake son dariya ya yi a gidansa.

A lokacin ba a daɗe da gama hanyar motar da ta taso daga Funtuwa ta bi ta Dogon Dawa ta nufi Birnin Gwari ba. Ƙauyenmu yana bakinta. Iyayenmu ne suka haƙa ta da aikin tilas, amma motoci ba sa tsaya mana. Sai dai mu ga wucewarsu, mu ɗaga hannu, yaran mota su yi mana gwalo. Mai son kai dawa ko doya kasuwa sai ya ɗauka a ka ko a jaki.

Ana nan sai Baturen ayyuka ya zo rangadi. Ya ce za a yi matsayar mota guda ɗaya a wannan yanki, kuma zai ba da kwangilar gina rumfar fasinja. Mu za a fara bai wa. In aikinmu ya karɓu, motoci za su riƙa tsayawa a garinmu. In bai karɓu ba, a kai matsayar ƙauyen gaba, waɗanda dama tun kakanni muke ja-in-ja da su a kan fadama.

Kawuna Barau, ƙanin mahaifiyata, shi ne mai unguwa. Ya ce wa tafinta, "Tambaye shi, wace irin rumfa yake so?"

Baturen ya ɗan kaɗa hannu sama ya yi magana. Tafinta ya ce, "Ya ce irin ta Ikko."

Sai bayan shekaru na gane cewa abin da bawan Allahn nan yake nufi kawai a rufa da kwano kada a yi jinka. Amma mu a ranar, magana ta yi nauyi. Kaf garin ba wanda ya taɓa ganin Ikko. Dattawa suka zauna suka yanke cewa sai an tura mutum ya gano da idonsa. Kawu ya ce, "Sale zai je. Shi ne yake iya karanta lambar mota." Iyakar cancantata ke nan. Ya kuma tsaya mini a gaban Bature, ya ce in aiki ya ɓaci a kama shi.

Ranar tafiya, a ƙarshen damina, na saka farar rigata ta sallah, don na ji an ce 'yan kwangila fararen kaya suke sawa. Kawu ya ba ni igiyar rama sabuwa ya ce, "Ka auno komai. Duk inda ka auna ka ɗaura ƙulli. Kada ka dogara da kanka, na san kanka."

A Birnin Gwari na samu motar kaya mai zuwa Zungeru. Direban Banufe ne, mutum mai fara'a, ya dubi rigata ya ce, "Malam, biki za ka?"

Na ce, "Ɗan kwangila ne ni."

Ya ce, "Madalla. 'Yan kwangila ma suna turi."

Ban gane ba sai da muka shiga dajin. Ba mu yi nisa ba motar ta kafe a wani rafi da gadar itacensa ta nutse. Aka ce kowa ya sauko. Na zaɓi wuri daidai bayan taya, don na ga ba kowa a wurin, ban tambayi kaina me ya sa ba kowa ba. Direba ya ba ta wuta, taya ta juya, ta kwaso taɓon rafin nan gaba ɗaya ta liƙa mini tun daga hula har ƙafa. Wasu Gwarawa mata da ke wucewa da itace a kafaɗa suka ajiye kayansu don su ji daɗin dariya. Wata Bafulatana da ta kawo nono bakin hanya ta ƙi sayar mini, ta ba ni kyauta, ta ce da ganina wani abu ya same ni. Haka muka yi ta yi har Tegina, mu hau, mu sauka, mu tura, ƙudan tsando na cizo. Kafin mu kai Zungeru rigar sallah ta koma kalar tukunya, kuma ba ta sake dawowa ba.

A Zungeru na fara ganin jirgin ƙasa kusa da kusa. Da ya yi kuka sai da na ja da baya na taka kwandon wata mata. Ita ce kuma Allah ya haɗa mu benci ɗaya. Bayarbiya ce 'yar kasuwa, ta daɗe a Kano, Hausa a bakinta kamar tawa. Kowa Iya yake ce mata. Ta dube ni, ta dubi igiyar da na rataya a wuya, ta ce, "Ɗana, akuya ka ɓatar?"

Na gaya mata abin da zai kai ni. Ta yi dariya har da share hawaye da bakin mayafi. Ta ce, "Daga can ka taso don ka auna rumfa? Ku a garinku ba ku san inuwa ba?" Amma tun daga nan ta riƙe ni kamar ɗan cikinta. Ita ta hana ni leƙa kai ta taga bayan garwashin jirgi ya huda mini hula.

Abin da na fi ɗoki shi ne in ga iyakar Arewa. A zatona zan ga ganuwa da ƙofa da dogari a tsaye yana tambayar kowa sunan ubansa. Da muka hau gadar Jebba, na ga ruwan Kwara shimfiɗe ba iyaka, na rufe ido na kama karanto duk abin da na haddace. Da muka haye na ce, "Iya, mun fita?"

Ta ce, "Tukuna."

Muka wuce Ilori, na sake tambaya. Ta ce, "Ɗana, ba ƙofa. Ranar da ka yi gaisuwa aka tsaya ana kallonka, ka fita."

Haka kuwa aka yi. A wata tasha na leƙa na ce wa mai sayar da abinci sannu da aiki, ta dube ni ta miƙo mini wani abu baƙi a ganye. Na ce wa Iya tuwon ya ƙone. Ta ce bai ƙone ba, amala ce, da garin doya ake yi, haka Allah ya yi ta. Na kai loma ɗaya da miyar. Jama'a, mu ma muna cin barkono, amma mu a cikin miya muke sa shi. Su kuwa miyar suke sawa a cikin barkono. Na sha ruwan butata, na sha na Iya, na sha na wani malami da ban sani ba.

A tashar Badun Iya ta sauka. Wani saurayi ya zo taryarta, yana isowa gabanta sai ya zube ƙasa rub da ciki. Na yi tsalle daga ƙofar jirgi na ɗago shi ina salati, ina kiran a kawo ruwa. Yaron ya fizge jikinsa yana harara ta. Iya ta ce, "Sake shi, ɗana ne, gaishe ni yake." Mu durƙuso muke yi, su kuwa sai sun miƙe gaba ɗaya. Na koma jirgi ban ƙara ceton kowa ba har Ikko.

Kawu ya ce in nemi Alhaji Mamman a unguwar Hausawa. Asalinsa mutumin Kusasu ne, ya je fataucin goro ya zauna, ya zama mai masauki, daga baya ya shiga kwangilar gini. Ban sha wahalar samunsa ba. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma a zaure cikin fatake da huhunan goro, inda in ka juya sai ka nemi izinin na kusa da kai. Garin kuwa zafi ne mai danshi, ka yi wanka ka fito kamar ba ka goge jiki ba. Abin da ya fi ba ni mamaki, mutane ba sa tsayawa gaisuwa. Na tare wani ina tambayar lafiyar iyalinsa, kafin in kai kan gajiya ya sha kwana. Na kuma je bakin teku, na ga ruwa ya yi yawa a banza, na ɗiba zan yi alwala, na kurkure baki na tofar. Na ce wa Alhaji wani ya zuba gishiri a kogin nan. Ya ce in yi shiru kada baƙinsa su ji.

Alhaji ya zaga da ni wurin aikinsa. A nan na ga yadda ake kwangila. Mu a gida in za a yi gini gayya ake kira, a dafa tuwo, makaɗi ya zo, kowa ya kawo hannunsa, in an gama a yi addu'a. Ba mai auna komai, magini da ido yake aiki. A can kuwa kowa da abin da ya sani. Birkila ba ya taɓa katako, kafinta ba ya taɓa bulo, lebura ba ya magana, helma, wato shugaban leburori, yana tsaye a kansu. Ba mai kiɗa, ba mai tuwo.

Alhaji ya ce, "Sale, aiki iri-iri ne. Akwai wanda hukuma take ɗaukar leburori da kanta, ta sallame su kullum. Wannan ba ruwanka da ko an gama ko ba a gama ba. Kwangila kuwa, aikin ne gaba ɗaya a wuyanka. Kai za ka nemo kaya, kai za ka nemo mutane. Mai dubawa zai zo ya ga tushe, ya dawo ya ga bango, ya dawo ya ga rufi. Kuma ba a cewa aiki ya karɓu sai ruwan sama ya bi ta kansa."

Na ce, "To mene ne sirrin abin, Alhaji?"

Ya kama kunnensa ya ce, "Ɗaya ne. Abin da aka nuna maka shi za ka yi. Kada ka ƙara, kada ka rage, kada ka sa wayonka. Duk ɗan kwangilar da na ga ya faɗi, wayonsa ne ya kayar da shi."

Wannan magana ta shige ni fiye da duk karatun da aka yi mini a makaranta.

Washegari ya kwatanta mini inda rumfar take, a bakin wani babban titi inda bas-bas suke tsayawa. Na je ni kaɗai. Da na gan ta, ashe ba wani abin kirki ba ce. Bango a baya, guntayen bango a gefe biyu, gaba a buɗe, benci a ciki, rufin kwano mai tsawo ta gaba yana gangarawa baya. Amma tunda Ikko ce, na ce lalle akwai hikima a ciki. Na warware igiya na kama awo. Na auna tsawo na ɗaura ƙulli, na auna faɗi na ɗaura. Na roƙi wata mata ta ɗaga ƙafa in auna benci, ta zazzaga mini abin da na gode Allah ban ji ba. Da na hau benci ina auna rufi, sai ga ɗan sanda. Mutane suka taru. Wani Bahaushe mai sayar da tsire ya yi mini tafinta, ya ce ana tambaya ko rataye kaina zan yi. Na ce a'a, rumfar zan kai garinmu. Ɗan sandan ya daɗe yana kallona, sannan ya ce a gaya mini in bar musu tasu.

Azahar ta same ni a wurin. Na tambayi mai tsire alƙibla, ya nuna mini. Da na tsaya sai na lura bakin rumfar ma can yake kallo, gabas sak. Na ce lalle wannan ma yana cikin aikin. Na ɗaura babban ƙulli a ƙarshen igiya don kada in manta: baki gabas. Titi yana nan a gabana, bas-bas suna ta tsayawa a bakin rumfar, mutane na hawa suna sauka. Shi kaɗai ne ban ɗaura wa ƙulli ba.

Na dawo gida da igiya a wuya da sabuwar hula da girman kai. Aka taru a ƙofar gidan Kawu ana tambayata. Kawu ya ce to sai a sa ranar gayya. Na ce, "Kawu, gayya aikin ƙauye ne. Wannan kwangila ce." A gaban mutane na faɗi haka. Ya dube ni ya ce, "To, Sale." Har ya bar duniya bai taɓa tuna mini wannan magana ba, ni kuwa ban taɓa mantawa da ita ba.

Na ɗauki Audu magini da kafinta da leburori. Aka saro ginshiƙan ƙirya daga daji, aka buga tubali, kwano ya zo daga Funtuwa. Filin da aka ba mu yana gabas da hanya. Na tsaya da igiya na nuna inda bangon baya zai zauna, wato ta wajen hanya, baki kuma ya kalli gabas, wajen gonar Kawu.

Audu ya ce, "Nan ne bakin?"

Na ce, "Haka take a Ikko."

Ya ce, "To."

Wanda aka turo duba tushe ya ga rami da ginshiƙai a miƙe, ya ce ya yi. Daga nan bai samu dawowa ba, aikin wata gada ya riƙe shi. Muka gama bango, muka yi shafe, muka buga kwano. Tana walƙiya a rana, har daga ƙauyen gaba ana zuwa kallo.

Direbobi sun ji labarin cewa za a fara tsayawa a garinmu. Ranar kasuwar Birnin Gwari, Kawu da kansa ya shiga rumfa da manyan gari da buhunan dawa, suka zauna a benci suna kallon gona. Muka ji ƙugin mota ta taho. Muka ji ta matso. Muka ji ta wuce. Direba bai ga kowa ba sai bango. Kafin Kawu ya tattara riga ya zagayo, sai bayanta ya hango.

Aka ce wa juna ai yau ne farko, za su saba.

Sai ruwan farko ya zo. Kowa a ƙasar nan ya san hadari daga gabas yake tasowa, shi ya sa ba mai juya ƙofar ɗakinsa can. Ni ma na sani, ɗakina yamma yake kallo. Da la'asar iska ta taso, mutane suka ruga cikin rumfa, ruwa ya bi su ciki kamar an gayyace shi. Kwano ya kama ɗagawa yana sauka. Da na iso a guje, na tarar rumfa ba kowa sai ruwa. Mutanen duk sun zagaya sun lafe a bayan bango, ta wajen hanya, a nan ne kaɗai ba ya duka.

Na sami Audu a cikinsu na ce, "Kai magini ne tun ban san kaina ba. Ba ka ga baki na kallon hadari ba?"

Ya ce, "Na gani."

"Me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Kai ka je Ikko, Sale, mu ba mu je ba. Mun ɗauka ginin kwangila ruwa ba ya shigarsa."

Wani daga baya ya ce, "Ni na zaci hanyar za a matso da ita."

Bayan 'yan kwanaki Baturen ayyuka ya zo. Ya sauko daga mota ya tarar da bango. Ya zagaya ya sami baki, ya shiga ya zauna a benci, ya ɗan jima yana kallon gonar Kawu. Sannan ya sa tafinta ya tambaye ni ko akwai wata mota da take fitowa daga cikin gonar. Na ce ranka ya daɗe, haka na gano ta a Ikko, baki gabas, na nuna masa ƙullin. Ya ce a tambaye ni, a Ikko titi ta ina yake? Sai a lokacin na ga bas-bas ɗin nan a idona, suna tsayawa a bakin rumfa.

Ya ce aiki bai karɓu ba. Zai wuce Funtuwa, in ya dawo ya same ta haka, matsaya ta koma ƙauyen gaba. Kayan aiki sun ƙare, leburori sun koma gona, ga damina ta kama. Na je zauren Kawu na durƙusa, na kasa ɗaga kai.

Ya ce, "Ɗan kwangila, yaya ake gyara irin wannan a Ikko?"

Na ce, "Ban gano wannan ba, Kawu."

Ya ce, "To ka yarda mu yi na ƙauye?"

Washegari makaɗi ya zagaya gari. Mutane suka bar shuka suka fito, har Fulanin da ke mashekari a bayan fadama suka zo da nono. Da yake ginshiƙai ne ke riƙe da rufi, aka rushe bangon yamma, aka kwashe ƙasar aka kwaɓa, aka tayar da bango a gabas. Ni aka ba ɗaukar ruwa, kuma duk wanda na wuce sai ya ce, "Malam Sale, nan ma a ɗaura ƙulli?" Abin da ba a iya juyawa ba shi ne rufi, don in an cire kwano ƙusoshi sun huda shi ke nan. Sai ya zama gefen da ya gangaro ƙasa shi ne ƙofa.

Da Baturen ya dawo, ya hango mutane zaune suna kallon hanya. Dogo ne. Ya nufo rumfa da saurinsa, bakin kwano ya kwashe masa hula ta faɗa cikin taɓo. Ya ɗauka, ya karkaɗe, ya sunkuya ya shiga, ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya taɓa bango. Ya ce a gaya wa ɗan kwangila rufin ba ya ɗiga, kuma rumfar tana kallon inda ya kamata. Ya ƙara da cewa kada a sake tura ni ko'ina.

Tun daga ranar motoci suke tsayawa a garinmu. Rumfar tana nan, an sake mata kwano amma ba a taɓa ginshiƙan ba. Duk wanda zai shiga, dattijo ko saurayi, mai sarauta ko talaka, sai ya sunkuyar da kai, baƙo kuma sai ya ƙume goshi ya tambayi wane ne ya yi wannan aiki, a nuna masa ni. Yanzu dai tsufa ya tanƙwara ni. Kaf garin nan ni kaɗai nake shiga ba tare da na sunkuya ba.